Buhu Bakwai

Shagona na daf da Ƙofar Ƙaura,
tsakanin mai faci da mai shayi.
Dusar kaji nake sayarwa tun ina saurayi,
sai bara wani ɗan sari ya ce mini,
"Sallau, yanzu kyanwar masu hali daga buhu take ci."
Na yi dariya har na ƙware.
Na kuma sari goma.

Buhu ne mai kyau, wallahi.
Ga hoton kyanwa ta yi ɓul-ɓul tana lasar baki,
a ciki ƙwayoyi ja da kore da ruwan ƙasa,
wasu siffar kifi, wasu tauraro.
Ko cincin ɗin sallah bai kai su ado ba.
A baya rubutu kamar sahun kiyashi,
sunaye masu lamba a wutsiya,
ban iya karanta ko ɗaya ba.
Wurin kwanan wata kuwa an kankare.
Na gani. Kada in yi wa kaina ƙarya.
Na shafa wurin da babban yatsa,
na juya buhun ya kalli bango.

Damina ta sauka, kwano na yoyo ta gabas.
Da dare ɓeraye su yi kasuwarsu,
da rana zafi ya turara abin da ruwa ya jiƙa.
Ni kuwa ina awo da gwangwani, ina ƙullawa a leda,
hannun da ke karɓar kuɗi shi ke ɗiba.
Akwai wata baƙar mage da ke kwana ƙarƙashin bencina.
Na watsa mata, ta shinshina, ta juya.
Na ce da ita 'yar ƙauye.

Hajiya Turai ta Rafindadi ke saye duk Laraba.
Sunan kyanwarta Zabuwa, saboda zane.
Ta ce tun da maigida ya rasu
Zabuwa ce ke tashinta sallar asuba.

Wata Laraba shiru.
Ran Asabar sai ga ta da guntun leda a hannu.
Ba ta ɗaga murya ba.
Ta ce Zabuwa ta kwana uku tana amai, ta tafi,
jikanta Habibu, mai rarrafe,
wanda ke sa hannu a kwanon kyanwa in ido ya kauce,
yana gado ana ƙara masa ruwa.

Na bi ta asibitin dabbobi, ƙafafuna kamar na aro.
Dakta Murjanatu ta ajiye ledar kwana biyu,
na dawo ta ce, "Rufe ido ɗaya, leƙa nan."
Na leƙa.
Wasu 'yan abubuwa kamar tsakin shinkafa
suna ta kai da komo, ba su san da ni ba.
Ta ce, "Wannan jan ba nama ba ne, rini ne.
Kyanwa ba ruwanta da launi, don idonka aka yi.
Ƙamshin da aka fesa shi ya rufe warin hunhuna."

Habibu ya tashi. Na gode Allah da goshi a ƙasa.

Saura buhu bakwai.
Wayar ɗan sari a kashe.
Mai faci ya ce, "Kai wa masu kiwon kifi, rabin kuɗi."
Na kwana ina lissafi. Wannan ma ba zan ɓoye ba.
Da safe na ɗauki hayar kura,
muka fita bayan gari ni da Ɗan'azumi,
muka haƙa rami har ƙirji
don kada akuya ko kare su tono.

Hajiya Turai na wucewa har yanzu.
Takan tsaya ta ce, "Malam Sallau, ya kasuwa?"
Da zagina ta yi
da na fi samun barci.